Tafiyata Damagaram Kan Maganar Ƙafar Rabi

Tun da na dawo daga Damagaram ƙawayena suka hana ni sakat. Wannan ta ce, "Asabe, ina kilishinmu?" Waccan ta ce, "Wai da gaske ne sai an sayi ruwan wanka?" Wata kuma cewa ta yi na tafi da bakina na dawo babu shi, ni da ba a raba ni da surutu ko a gidan makoki. To, ku zauna in faɗa sau ɗaya, kowa ya huta. Na nemi izinin masu maganar, sun ba ni, da sharaɗin in sauya sunaye, na kuwa sauya. Wadda ta gane su ta riƙe bakinta, don Allah.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Ƙanwata Rabi ce ke aure can, wajen wani Laminu, babban ma'aikacin jinya, abin da su suke kira majo, asibitin ma likita suke ce masa. Lokacin bikinsu ina takaba, shi ya sa ban taɓa taka garin ba. Iyayenmu sun rasu, ni ce uwa ni ce uba. Ina tsaka da kwaɓin cincin ɗin wata amarya sai ga wayarta, murya a dishe. Ta ce, "Yaya, ki zo. Inna, mahaifiyar Laminu, ta ce ranar Juma'a ko ya sake ni, ko ta ɗaga masa nono." Na ce me kika yi? Ta ce ba maganar waya ba ce. Na wanke hannu, na bar wa maƙwabciyata kwaɓin, washegari na nufi tashar Ƙofar Ruwa.

Motar da na samu ta sha duniya. An ɗora mata buhunan taliya da robobi har ta tsuguna, mu kuma aka cusa mu a baya kamar kifin gwangwani. Kusa da ni wata dattijuwa ce, Hajiya Kaltume, 'yar Damagaram mai safarar turaren wuta. Kafin mu kai Kazaure ta ba ni dabino da cuku, kafin Daura ta san unguwarmu da sunan marigayi mijina. Da ta tambaye ni wurin wa zan je, na ce biki ne. Ban san abin da ya sa na ɓoye ba, jikina ne kawai ya ba ni.

A Kwangwalam aka sauke mu, muka tsallaka zuwa Ɗan Barto. Nan wani jandarma dogo ya miƙo hannu ya ce, "Kardante, madam." Na ba shi katin shaidata. Ya juya shi, ya ce ina takardar rigakafi? Ni 'yasu, na baro ta cikin ɗaya jakar. Ya nuna min gindin wata bedi ya ce in zauna. Direba ya fara ƙunƙuni, wai ba zai ɓata ranarsa saboda mutum ɗaya ba. In kuwa aka mayar da ni, Juma'a za ta zo Rabi ba ta da kowa. Hajiya Kaltume ce ta tashi, ta gyara lulluɓi, ta shiga ofishin tana zuba musu zance, rabi Hausa rabi Faransanci. Aka kira ni, wata ma'aikaciya ta yi min allura a dantse, aka ba ni sabuwar takarda. Na koma mota ina shi wa tsohuwar albarka.

Albarkar ba ta bushe a bakina ba ta soma. Mun wuce Matamai ta juyo ta ce, "Ku Kanawa dai ba ku da dama. Kin ji abin da wata 'yar garinku ta yi mana?" Na ce a'a. Ta ce, "Majo guda, mutumin da in ya shigo likita kowa ke miƙewa. Yayarsa Fanna ta je gidan da rana tsaka, ta ɗaga labule, sai ga shi kwance a ƙasa, matar tsaye bisa bayansa da ƙafa biyu. Fanna ta rantse har tafin ƙafa ta gani bisa kumatunsa, shi ko yana ce mata ranki ya daɗe. In ba asiri ba mene ne wannan?" Mutumin da ke gaba ya ce, "Mallaka ce, wallahi. Mace ko tsallake miji ta yi an gama da shi, balle taku." Motar duka ta ɗauka. Ni kuwa na kafa ido a taga, dantsena na zugi, kunnena na zugi.

Da muka sauka a tasha ina ɗaukar jakata, Hajiya Kaltume ta riƙo hannuna. Ta ce a hankali, "Gidan Malam Mamman a Birni za ki ce wa mai kabu-kabu. Can aka aje ta. Idonku iri ɗaya ne, tun Daura na gani." Wato da gangan ta faɗa min, don kada in shiga gari a makance. Har yau ban san ko godiya zan yi mata ko Allah-ya-isa ba.

Kabu-kabu shi ne acaɓansu. Ya ratsa da ni ta gefen kasuwar Dole, ya shiga lungunan Birni, inda manyan duwatsu ke zaune tsakanin gidaje kamar da su aka yi rabon fili. Malam Mamman ƙanin mahaifin Laminu ne, shi ne babban gidan yanzu. Al'adarsu ta burge ni a nan: da rigima ta tashi bai bari an koro Rabi Kano ba, ɗauko ta ya yi ya sa a ɗakin matarsa har a zauna. A wurinmu da tuni ta iso da akwati a ka, sai bayan nan a fara aike. Malam Mamman ya tarbe ni a zaure da lale marhabin, ya ce in ci abinci tukuna, magana ba ta gudu. Aka kawo dambu da zogale da ƙuli, da fura mai sanyi a ƙwarya. Aka ba ni ruwan wanka a ɗan bokitin da a gidana ko wanke-wanke ba ya isa. Na gane darajarsa da na ga matar gidan tana tara ruwan alwala tana zuba wa bishiyar lemo.

Rabi ta rame, wuyanta duk ya fito. Muna kaɗaita na rufe ƙofa na ce, "Ke, dube ni. Wurin wane boka kika je?" Ta ce, "Haba Yaya, har da ke?" Ta fashe da kuka. Na bar ta ta yi mai isarta, sannan na ce to in ba boka, me ya hau da ke kan ɗan mutane?

Ta daɗe tana murza bakin zaninta. Ta ce, "Shi ya roƙe ni." Na ce roƙo kamar yaya? Ta ce sun yi shekaru da aure kafin ya iya furtawa, kuma ranar da ya faɗa gumi yake kamar wanda ya yi gudu. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba za ta taka aljannarta da ƙafa ba. Bai matsa mata ba, bai sake tayar da zancen ba. Ita da kanta daga baya ta tambaye shi me yake samu a ciki. Ya ce mata duk wuni shi ne mai ba da umarni, ran mutane a hannunsa, kowa majo, majo. In ya kwanta ya ji nauyinta a kansa, ita ce mai iko shi ba kowa ba, sai kansa ya yi shiru, ya ji ya fi kusa da ita fiye da kowane lokaci.

Na ce, "Tabɗijam! Ba ki tsoron ki karya shi?" Ta ce ai shi aikinsa ne sanin jiki, shi ya nuna mata inda ake takawa da inda ba a kusanta, ban da wuya, ban da tsakiyar ƙashin baya. Tana riƙe ƙarfen taga don ta rage nauyi. In ya buga tabarma da tafin hannu, nan take take sauka, ba tambaya. Ranar da ba ta so kuwa, ta ce ba ta so, shi ke nan. Na ce ke fa, kina so? Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Yaya, mijina ne. Ba wanda ya taɓa ba ni amana irin wannan." Wallahi ban fahimta ba, har yanzu ban ce na fahimta duka ba. Amma na san fuskar macen da ake cuta, na gan ta a madubi shekara da shekaru, kuma ba ita ce a gabana ba.

Na ce to ki faɗa musu mana. Ta girgiza kai. Ta ce ta yi masa alkawari ko kabarinta ba zai ji ba, ni ma don ni uwa ce. In ya ga dama ya faɗa da bakinsa, in bai faɗa ba ta bi ni Kano.

Da la'asar sai ga shi ya zo gaishe ni. Mutum kamili, farar riga, furfura ta fara fitowa a gemu. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, kun sha hanya." Na ce hanya ba ta kai abin da na tarar ba. Na ce, "Laminu, kana son matarka?" Ya ce Allah ya sani. Na ce Allah ya sani, Inna ce ba ta sani ba, sai ka buɗe baki. Ya ce, "Yaya, garin nan ƙarami ne. In na faɗa, gobe da wace fuska zan shiga likita? Yanzu ana cewa an yi min asiri, ana tausaya min. In na ce ni na nema…" Bai ƙarasa ba. Raina ya ɓaci, na ce wato gara a kira ƙanwata matsafiya da a kira ka abin da kake? Ya tashi ya fita, ko shayin da aka zuba masa bai taɓa ba.

Washegari na ce bari in gwada tawa dabarar. Na sa aka raka ni Zango, gidan Inna, da goro da turmin atamfa. Tsohuwa ce 'yar siririya, carbi a hannu, idonta ja don kuka. Na zaci zan tarar da masifaffiya, sai na tarar da uwa da tsoro ya cika. Ta ce, "Shi kaɗai ne namiji gare ni. Na ga abin da mallaka ta yi wa ƙanina, ya mutu bai san ƙofar gidanmu ba. Ba zan zauna a yi wa Laminu ba." Sai na ji bakina yana cewa, "Inna, ai ba wani abu ba ne, ciwon baya ne. Tausa ce take yi masa. Mu a Kano tsofaffi da yawa in baya ya riƙe sai a taka musu." Ta dube ni ta ce, "Majo guda, magani a aljihunsa, sai ƙafar mace? Kumatun fa, shi ma ciwon baya yake?" Na ce Fanna ce ba ta gani da kyau ba, ɗaki da duhu. Ta ja carbi, ta ja. Ta ce, "To madalla. In tausa ce, gobe ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani gaban Malam Mamman ta ce tausa ce. In ta rantse, ni da kaina zan mayar da ita ɗakinta."

Jama'a, nan na san garin gyaran gira na tsokane ido. A wurinmu mutum ya ce wallahi tallahi sau goma kafin ya karya kumallo, ba wanda ya damu. A Damagaram dafa Alƙur'ani ba wasa ba ne. Matar Malam Mamman da ta ji sai da ta dafe ƙirji, ta ce ko mai gaskiya ba ya son a kai shi nan. Da a ce rantsuwar a kan asiri ce, da Rabi ta yi ta hankali kwance. Ni na mayar da ita kan tausa. Da na faɗa wa Rabi ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ba zan rantse kan ƙarya ba, Yaya. Ba kuma zan tona shi ba." Ta jawo akwatinta ta fara ninke kaya. Aka kawo tuwo da miyar kuka da ta ji man shanu, na kasa kai loma.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Malam Mamman a kan buzu, Alƙur'ani cikin gafaka a gabansa. Inna da Fanna a gefe ɗaya, ni da Rabi a ɗaya gefen. Laminu can kusa da bango, kai a ƙasa. An rufe ƙofar zaure, amma ina jin motsin mutane a bayan katanga.

Malam Mamman ya yi addu'a, ya ce shi ba ya son rantsuwa a gidansa, ko akwai mai magana kafin a kai ga nan? Ya dubi Laminu, Laminu bai ɗago ba. Sai Malam Mamman ya ce, "Rabi, kina da alwala?" Ta ce tana da ita. Ya zare littafin daga gafaka ya aje. Ya ce, "Yayarki ta ce tausa ce ta ciwon baya. Matso ki dafa ki faɗa."

Rabi ta matsa har gaban buzun, ta durƙusa, ta sa hannuwanta biyu a cinya. Ta ce, "Baba, zan rantse ban taɓa zuwa wurin boka ko malami don Laminu ba. Amma ba zan rantse tausa ce ba."

Fanna ta ce, "Kun ji ko!" Malam Mamman ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "To mene ne, 'yata?" Rabi ta ce, "Ba ni da bakin faɗa, Baba." Ya sake tambaya, ta sake ba shi amsa ɗaya. Inna ta juya wajen ɗanta, ta ce, "Laminu, ka ji da kunnenka. Ka sallame ta yanzu, ko in tashi in yi abin da na ce." Ta kai hannu wuyan rigarta. Na ji kamar in kurma ihu. Na dubi Laminu, na ce a raina, in ka bari ta tashi daga nan da saki, Allah ya isa tsakanina da kai.

Ya tashi. Na zaci takarda zai nema. Sai ya zo ya durƙusa kusa da Rabi, ya ce, "Baba, ni ma ina da alwala." Ya ɗora tafinsa a kan littafin. Ya ce, "Na rantse da wannan, ba ta yi min komai ba. Ni na roƙe ta, ta ƙi, daga baya ta yarda don tana sona. Tun kafin in san ta nake da wannan a raina, tun kafin in san hanyar Kano. Lafiyata ƙalau, hankalina ƙalau. Abin da nake so ne, Inna."

Motsin bayan katanga ya tsaya. Gumi na ɗiga daga gemunsa. Rabi ba ta dube shi ba, hawaye kawai ke zuba a kan hannuwanta.

Malam Mamman ya mayar da littafin cikin gafaka, ya ɗaure. Ya ce shi bai ga dalilin saki ba. Abin da ke bayan labulen miji da mata, in ba wanda aka tilasta, ba wanda aka cuta, ba a kuma taɓa abin da Allah ya hana ba, ba hurumin kowa ba ne. Ya juya ga Fanna ya ce laifin da ya gani a fili ɗaya ne, shiga ɗakin ma'aurata ba sallama, da kai abin da aka gani kasuwa. Fanna ta buɗe baki, ya ce ta rufe.

Inna ta sauke hannunta daga wuyan riga. Ta dubi ɗanta kamar yau ta fara ganinsa. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce, "Da ka bar ni a kan asiri ne, Laminu. Asiri ana karya shi." Ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita. Ya bi ta da sauri yana Inna, Inna, ba ta waiwayo ba.

Da yamma Rabi ta koma ɗakinta, ni na raka ta da akwatin. Na ƙara kwana ɗaya na kamo hanya, ban tsaya sayen kilishi ko alkaki ba, sai ku yi haƙuri. Kafin in bar garin maganar ta riga ta zaga. Da Laminu ya kai ni tasha na ga masu kabu-kabu suna taɓa juna suna dariya ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya riƙe jakata ya wuce ta tsakiyarsu, ya yi musu sallama, suka amsa.

Auren yana nan. Muna waya da Rabi, ta ce yana zuwa aikinsa, masu dariya sun fara gajiya. Inna dai ba ta sake taka gidansu ba, in Rabi ta aika da abinci a dawo da kwanon yadda ya tafi. Kullum da safe kafin ya wuce likita Laminu yana biyawa Zango, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta. Tana amsawa daga ciki, amma har yau ba ta ɗaga labulen ba.